Ƙwaya Biyu da Allura Mai Wari

Ni tun ina yarinya ba ni da saurin yarda da mutum. Uwata ta sha gaya mini cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuma in ce mata gara in ɗauki zunubin da a mai da ni sakarya. Da wannan hali aka kai ni gidan miji a Limawa, cikin Minna, da shi kuma na tsufa. Abin da zan faɗa ya faru ne da damina, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da jirgin sojoji ke wucewa ta tasha har mun gaji da fita kallo.

Maigidana tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa. Ubansa ya zo daga ƙasar Kano tun zamanin shimfiɗa hanyar jirgi, ya ga wuri ya zauna. Shi maigidan nawa mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, kuma magana ɗaya yake yi. 'Ya ɗaya gare mu a lokacin, shekararta uku da 'yan watanni. 'Yar fari ce, saboda haka ba na kiran sunanta, a gaban mutane ma sai in yi kamar ban damu da ita ba. Amma Allah ya sani, in ta yi tuntuɓe ni ke jin zafin a ƙafata.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan wani maƙeri mai ciwon farfaɗiya. Matarsa ta girme ni, Yaya nake ce mata, mace mai son mutane da yawan dariya. A zamanin nan kowa a unguwa ya ɗauka farfaɗiya ana ɗaukarta ta yawu, ta kwano, ta moɗa. Maigidana ya yarda da haka ɗari bisa ɗari. Tun satin da na tare ya tsai da ni a tsakar gida ya nuna katangar da yatsa.

"Ko gishiri kika karɓo daga gidan can, a bakin aurenki."

Ban ɗauka wasa yake yi ba, don ya taɓa sakin mace kafin ni a kan abin da bai kai wannan ba. Daga nan hulɗarmu da Yaya ta tsaya a gaisuwa ta kan katanga.

Zazzaɓi ya kama yarinyar kwana biyu. Na dafa mata ganyen dogon yaro, na yi mata wanka da shi, na ba ta ta sha, jikin ya ɗan yi sanyi ya sake komawa. Ran kwana na uku da hantsi, ubanta ya tafi kasuwa, tana kwance a tabarma ina tankaɗe, sai na ji wani irin sauti kamar ta shaƙe. Ina juyawa na ga ta sandare. Idanunta sun juye sai fari, haƙoranta sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Ban taɓa ganin jijjiga da idona ba sai ranar. Na ƙwala ihun da ban san ina da shi ba.

Yaya ce ta fara shigowa, ko mayafi babu. Ita ta saba, ai da mai irin ciwon take kwana take tashi. Ta ture ni gefe, ta juya yarinyar a kan haƙarƙarinta, ta hana ni cusa mata cokali a baki. Da abin ya lafa, yarinyar ta yi laushi tana ɗan buɗe ido, sai Yaya ta kwance haɓar zaninta ta fito da wani ɗan gwangwani. A ciki akwai ƙananan ƙwayoyi farare, waɗanda asibiti ke ba mijinta.

"Shekara biyu ke nan bai faɗi ba tun da ya fara sha," in ji ta. "Kawo cokali."

Na tuna da dokar maigida, ba zan ce na manta ba. Na tuna, na kuma kawo cokalin. Ta murƙushe ɗaya da ruwa, muka ɗura mata a hankali. Muka zauna muna kallo. An yi kamar tsawon tafasar ruwan shayi, sai na ga yatsun hannunta na hagu suna ta motsi su kaɗai. Na ce, "Yaya, bai kama ba. Ƙara mata." Ni na faɗa, ba ita ba. Shekaru da yawa na so in tuna abin a wata siga daban, amma bakina ne ya ce a ƙara. Ta murƙushe ta biyu.

Duk da haka jijjigar ta dawo kafin azahar. Yaya ta wanke cokalin da toka har sau biyu, ta taimaka mini na goya yarinyar, ta ce, "Ban shigo ba, ba ki gan ni ba." Na bi ta kasuwa, maigida ya bar ɗinkin wani a ƙarƙashin allura, muka nufi asibiti da sauri.

Ƙaramin wuri ne mai rufin kwano da gado shida. Yaƙi ya kwashe ma'aikata, likita sau biyu yake leƙowa a sati, sauran kwanakin wata nas ce ke riƙe da komai. Sista ake ce mata. Bagwariya ce, Kirista, 'yar manoman doya daga bayan gari, doguwa mai ƙaton hannu, da agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta. Ban taɓa magana da ita ba, amma na zo da kaya guda na labarinta. Matan unguwa sun ce tana sirka magani da ruwa ta sayar wa sojoji da sauran. Sun ce ta fi tsananta wa matan Musulmi. Sun ce in ka kuskura ka ce ka ba yaro wani abu a gida, za ta yi maka tsawa a gaban jama'a, ta rubuta a kati da jan alƙalami, ta kira mijinka ta karanta masa. Babu wadda ta ce a kanta aka yi, kowa ƙanwar wance ce ko kishiyar ƙawar wance. Ni dai na haɗiye duka ban tauna ba.

Ta karɓi yarinyar daga bayana ba ko sannu, ta ɗora ta a kan sikeli. Raina ya ɓaci. Ɗan mutum yana tsakanin rai da mutuwa, ana auna shi kamar buhun gyaɗa? Ta duba allurar sikelin, ta rubuta, sannan ta ɗago ta dube ni. Hausarta irin ta mutanenta ce, ba ta raba mace da namiji.

"Ka ba shi wani abu a gida?"

Maigida yana tsaye a baranda, kansa a jikin taga, tsakaninmu bai fi taku uku ba.

"Ruwan dogon yaro kawai," na ce.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta daɗe tana kallona. Na ce a raina, wani ya riga ni zuwa ya gaya mata, tarko take ɗana mini. Na ɗaure fuska na kalli bango.

Ba ta gama rufe katin ba jijjiga ta uku ta taso. Nan na ga saurin hannu. Ta buɗe kabad ta ɗauko wata ƙaramar kwalba mai duhu da take ɓoyewa daga hasken rana, ta zaro sirinjin gilashi daga tukunyar ruwan zafi, ta sake leƙa abin da ta rubuta daga sikeli, ta zuƙo daidai wani layi. Tana buɗe kwalbar wari ya cika ɗakin, wani irin wari mai shiga hanci ya tsaya a maƙogwaro. Ta soka a cinya. Ta yi mata wata allurar ta zazzaɓi a ɗaya cinyar. Ba a daɗe ba na ga hannuwan da suka dunƙule suna saki, haƙoran suka rabu, jikin ya kwanta. Yarinyar ta yi barci.

Ya kamata in gode wa Allah in gode wa matar. Maimakon haka sai na sunkuya na kai hancina bakin 'yata, na ji warin nan yana fitowa da kowane numfashi. Na taɓa wucewa ta gefen inda ake sayar da burkutu, na kuma taɓa jin warin bakin wani ɗan dako da ya sha ya yi tatul. Ba iri ɗaya ba ne, amma zuciyar da ke neman laifi ba ta tsayawa tantancewa. Na lallaɓa taga na raɗa wa maigida, "Giya ta ɗura mata a jiki."

Ya shigo har cikin ɗakin mata, abin da bai saba ba. Ya tambaye ta da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda na san ta fi tsawa haɗari. Sista ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da wanke sirinjinta.

"Ba giya ba ne, Malam. Wannan magani haka yake. Yana shiga jini da sauri, ya je kai, ya kwantar da abin da ke girgiza yaro. In ya gama aiki, ta numfashi yake fita, shi ya sa kana jin wari. Ran da wari ya ƙare, magani ya ƙare, yaro ya tashi. Sikeli kuma da madam ya ɓata rai, don in san nawa zan ba shi ne. Jikin yaro ƙaramin tulu ne, in ka zuba ruwan babban tulu zai zube."

Ashe ta ga fuskata lokacin awon. Wannan ma ya ƙara mini tsoronta. Maigida ya koma baranda bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Daga azahar zuwa la'asar Sista ta kasa zama. Akwai wasu marasa lafiya, akwai layi a waje, amma ba ta yin nisa sai ta dawo gadonmu. Ta ɗora hannu a cikin yarinyar, ta ɗaga agogon ƙirjinta, leɓɓanta na motsi tana ƙirga numfashi. Ta ɗaga fatar ido ta leƙa. Ta matse farcen babban yatsa, yarinyar ko gezau. Na lura duk dawowa fuskarta sai ta ƙara tsukewa. A karo na huɗu ko na biyar ta tsaya a kaina.

"Barcin nan ya yi nauyi. Abin da na ba shi bai kai ya kwantar da shi haka ba. Madam, ka tuna da kyau. Ba wani abu?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na taso mata da faɗa.

"Ke kika yi mata allura, ni kike tambaya? Da ƙafata na kawo ta tana buɗe ido. In akwai abin da ya yi yawa, ki duba hannunki."

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, ba ƙarya zalla nake yi ba. Rabin zuciyata ya yarda da abin da bakina ke faɗa. Na ce matar nan hannunta ya zarce, ta zuba fiye da ƙima, yanzu tana neman wanda za ta rataya wa. Na ce ƙwayar da muka ba ta ai ba ta yi komai ba, da ta yi aiki da jijjigar ba ta dawo ba. Ƙwayar da ta kasa tsai da yatsa ce za ta yi wannan barcin? Haka na yi ta jera wa kaina hujjoji, kowace ta fi ta baya kyau. Sista ba ta rama ba. Ta gyara wa yarinyar kwanciya ta wuce.

Da aka kira la'asar maigida ya tafi masallacin da ke tsallaken hanya. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu-duhu. Ina zaune ina yi mata fifita sai na ga gefen bakinta yana tsalle. Daga baki ya sauka hannu, daga hannu ya kama ƙafa. Na kira Sista. Ta zo ta duba, ta koma kabad, warin nan ya sake tashi. Ta dawo da sirinji cike, ta tsaya a gefen gado, ba ta soka ba.

"Mijinka ba ya nan," in ji ta. "Ni da kai ne. Ka ji ni da kyau. In na sa wannan a kan wanda na sani, jikinsa zai ɗauka. In akwai wani a ciki wanda ban sani ba, su biyu za su danne shi har ya manta da numfashi. Ba ni da injin da zai yi masa numfashi. Ni kaɗai ne da hannuna."

Ina jin ta sarai, amma wata murya a cikina tana cewa dabara ce, so take in furta, da maigida ya dawo ta tona ni. Na ga kaina da ƙullin kaya a ka, na ga yarinyar a hannun wata mace. Na ga kuma gadon nan an lulluɓe shi da zani. Tsakanin biyun nake ta kai da kawowa, ita kuwa jijjigar sai ƙaruwa take yi. Sista ta ja numfashi, ta goge cinyar da auduga, ta tattaro naman da yatsu biyu.

Na cafke wuyan hannunta.

"Ƙwaya biyu. Ta mijin maƙwabciyata, mai farfaɗiya."

"Farare ƙanana?"

"I."

"Yaushe?"

"Da hantsi."

"Duka biyu? Na babban mutum?"

Na gyaɗa kai. Ta rufe ido ta faɗi wata magana da yarensu, ban san ko addu'a ce ko zagi ba. Na jira tsawar da matan unguwa suka yi mini alkawari, ba ta zo ba. Ta ajiye sirinjin a faranti, ta ce in ɗebo ruwa a randa in jiƙa duk tsumman da na gani.

Haka muka tari jijjigar nan da hannu. Ta juya ta a gefe, ta tallafi haɓarta, tana share yawun da ke fita don kada ya koma ciki. Ni ina shafa mata ruwa a kai da ƙirji, ina fifita, ina kuka, kunyar 'yar fari ta tafi inda ta tafi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sista ta sani, don idonta ɗaya na kan agogo. Ruwan sama ya kece a kan kwano har ba ma jin juna.

A cikin haka maigida ya shigo a jiƙe. Ya ga 'yarsa tana fizga, ya ga sirinji cike a faranti.

"Ga allura nan, me kike jira?"

"Ba zan yi ba, Malam."

"Don me?"

"Na san aikina."

"Ɗazu kin yi, yanzu ba za ki yi ba? So kike ta mutu a gabanki?"

Na tsaya da tsumma a hannu ina jiran ta juyo ta nuna ni. Kalma uku sun ishe ta. Ko kallon inda nake ba ta yi ba. Ta ce masa ya fita ya ba ta wuri, iska take so. Ya faɗa mata maganganun da ban taɓa jin irinsu a bakinsa ba, ya fita ya tsaya cikin ruwa.

Jijjigar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Sai kuma numfashin ya ja baya, a yi ɗaya, a jira, a jira, kafin wani ya zo. Sau ɗaya ya ƙi zuwa sam, leɓɓanta suka fara baƙi. Sista ta sa bakinta a kan na yarinyar ta hura, ta murza mata ƙirji, ta sake hurawa, har ƙirjin ya ɗaga da kansa. Ta jawo kujera ta zauna a gefen gadon. Ba ta koma gida ba ranar.

Washegari da safe, maigida ya je kawo koko, ta yi mini bayani tana naɗe bandeji, kamar da bandejin take magana.

"Wannan ƙwaya ba shi da sauri. Daga ciki zuwa jini zuwa kai, yana ɗaukar lokaci. Da kuka ga bai yi aiki ba, yana kan hanya ne, sai kuka aika masa ɗan'uwa. Lokacin da na yi allurata, su biyu suna isowa. Kuma shi ba ta numfashi yake fita ba, hanta ne ke cin shi kaɗan-kaɗan, hantar yaron nan kuwa zazzaɓi ya gajiyar da shi. Zai yi kwana biyu ko uku yana barci. Kada ka tashe shi da ƙarfi. Ka bar shi a gefe, ka riƙa duba cikinsa yana ɗagawa."

Na ce to. Ban ce na gode ba. Hankalina yana kan katin da ke rataye a ƙarshen gado. Na ga ta yi rubutu a kai jiya, ni kuwa ban iya boko ba. Maigida ya ɗan iya haɗa baƙaƙe saboda awon kaya. Duk sanda ya matso kusa da katin nan sai in ɗauke masa hankali da wata magana. Da likita ya zo suka yi magana da Turanci, ya dube ni ta saman tabarau, na ce shi ke nan, yau asiri ya tonu. Ya duba yarinyar, ya gyaɗa wa Sista kai, ya wuce gado na gaba.

Ran kwana na biyu warin ya ɗauke daga bakinta ƙaf, amma ba ta farka ba. Maigida ba ya manta magana. Ya sunkuya ya shinshina, ya miƙe ya tari Sista a bakin ƙofa.

"Ke kika ce in wari ya ƙare magani ya ƙare, yaro ya tashi. Ga wari ya ƙare. Me kika ba ta bayan wanda kika faɗa?"

"Kowane yaro da irin jikinsa, Malam."

Ya dube ni ya girgiza kai, irin na kin gani ko. Ni ma na girgiza nawa.

Ran na uku da rana tsaka ta buɗe ido. Ta dube ni, ta ce koko. Na ba ta cokali uku, ta sake lumshewa, amma wannan barci ne irin na mutane. Bayan kwana biyu aka sallame mu. Maigida ya yi sadakar waina a masallaci, bai yi wa Sista sallama ba.

Sai da muka yi kusan sati a gida na lura. Tana wasa da ƙasa a tsakar gida, kwano ya suɓuce mini ya faɗi a bayanta, ba ta waiga ba. Na tafa hannu. Na kira ta da sunan da ban taɓa furtawa da ƙarfi ba. Jirgi ya yi kuka a tasha, kajin gida suka ɗaga kai, ita tana ta zuba ƙasa a gwangwani. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai an yi magana a jikinsa.

Har yau ban san abin da ya cinye kunnen nan ba. Bayan shekaru wani likita ya ce mini zazzaɓin da ke hawa kai shi kaɗai ma yana yin haka. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma doguwar jijjigar nan ce da aka tara da tsumma, wadda da ban ba ta ƙwaya ba da allura ta tsai da ita tun farko. Shi maigida bai yi wannan kokwanto ba. A wurinsa magana a fili take: matar ta yi allura mai wari, ta yi ƙarya a kan yadda take fita, ta kuma ƙi yin ta biyu yarinya na mutuwa. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a masallaci, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tafi da labarin.

A gidan suna da gidan biki mata suka samu abin taunawa. Yanzu ba ƙanwar wance ba ce, ga yarinya nan kowa na gani, ga uwarta a zaune. Sai a juyo a ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Ni kuma in sunkuyar da kai in yi ajiyar zuciya, su ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana. Yaya tana wurin wani lokaci, idonta a kan tafin hannunta. Ni da ita ba mu taɓa tada zancen ba, ko ta kan katanga. Mata suka fara janye jiki daga asibitin. Na san biyu da yaransu suka yi jijjiga a damina ta gaba, suka zaunar da su a gida suna yi musu turare. Ɗaya ya tashi, ɗaya bai tashi ba.

Bayan kaka na haɗu da Sista a layin masu doya. Ba ta sa farar riga ba, zani da ɗankwali ne kamar kowa, da ƙyar na gane ta. Na ja hannun yarinyar zan sauya hanya, ta riga ta gan mu. Ta zo ta tsuguna a gaban yarinyar, ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta yi mata magana a hankali yadda za ta ga bakinta. Yarinyar ta yi murmushi. Ta kai yatsu bayan kunnen dama ta ƙyasta, sannan na hagu. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Ka riƙa tsayawa a gabansa in za ka yi magana. Zai koya."

"Sista," na ce, "abin da ake faɗa a gari…"

"Na ji."

"Ni ban…"

"Mijinka ya sani?"

"Bai sani ba."

"To, kada ka faɗa. Yaron nan yanzu yana bukatar uwa da uba a gida ɗaya. Ni ba wanda zai sake ni."

Ta ɗauki doyarta ta ɗora a kafaɗa, ta shige cikin mutane.

Kun san abin da ya fara zuwa raina a wurin nan? Cewa na yi, me take so a wurina? Mutum ba ya ɗaukar irin wannan kaya a banza. Na yi shekaru ina jiran ranar da za ta yi sallama a ƙofar gidana da bukatarta, har na shirya amsar da zan ba ta. Ba ta zo ba. Na ji an mai da ita wani ƙauye, daga baya na ji ta dawo, na ji ta tsufa a gidan ɗan'uwanta. Ran da labarin rasuwarta ya iso unguwa, maigida yana alwala, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ita. Ina tsaye da buta a hannu. Na so in je gaisuwa, har na ciro mayafi, amma na rasa abin da zan ce masa zai kai ni gidan matar da ta kurmantar da 'yarsa. Na ninke mayafin na mayar cikin akwati.